Yaƙin Kamaru na 1914: da me Jamus ta yi niyyar tsare ƙasar da ba ta iya kai wa ɗauki?

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce nake so masana su taya ni warwarewa. Lokacin da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a watan Agustan 1914, Kamaru tana hannun Jamus, kuma a lokacin ta fi Jamus ɗin kanta faɗi, domin a 1911 Faransa ta yanka mata wani babban yanki ta wajen Kwango. Amma duk sojan da ke cikin ƙasar bai kai 2,000 ba. Jamusawa wajen 200 ne, sauran duk baƙar fata, an warwatsa su kamfani 12 a barikoki masu nisa da juna, sai kuma 'yan sanda. Yamma ga Nijeriya ta Ingila, gabas da kudu ga Faransa, teku kuma jiragen Ingila sun tsare. Har aka gama ba a aiko musu da ko soja ɗaya daga gida ba. Duk da haka sai da aka shafe wata 18 kafin a raba su da ƙasar, alhali Togo, wadda ita ma tasu ce, ko wata guda ba ta yi ba. Me ya bambanta su? Dabara ce, ko sakacin maƙiyansu?

Nura:
Wa'alaikumussalam Malam. Ni dai a ganina amsar a fili take, Jamusawa jarumai ne a fagen yaƙi, shi ke nan.

Tsohon Saje:
Nura ɗana, waɗanda ke Togo ma ai Jamusawan ne. Ka buɗe taswira ka duba. Togo siririyar ƙasa ce, Ingila ta matse ta daga Gwalkwas (Ghana ta yau), Faransa ta matse ta daga Dahomi (Jamhuriyar Benin ta yau), kuma ba ta da cikakkiyar runduna sai 'yan sanda masu bindiga. Abu ɗaya ake nema a cikinta, wato babbar tashar aika saƙo ta iska da ke Kamina, wadda ke magana da Jamus kai tsaye, tana kuma isar da saƙo ga jiragensu a teku. Hanya da layin dogo daga Lome sun miƙe har kusa da ita. Da suka ga an ƙaraso, sai suka rushe tashar da hannunsu, suka miƙa wuya ranar 26 ga Agusta. Ba inda za su ja da baya su je. Kamaru kuwa akwai kurmi a kudu, akwai duwatsu a tsakiya, akwai koguna, ga tafiyar makonni tsakanin gari da gari. Wanda ba shi da yawan mutane, fili yake nema ya riƙa ja da baya a cikinsa.

Hajiya Bilki:
Saje ya taɓo wurin. Bari in ƙara da abin da ya fi ba ni mamaki a wannan yaƙi. Tun kafin a harba bindiga, hukumomin Jamus sun san ba za su iya tsare gaɓar teku ba. Rundunar da suka kafa a Kamaru ba don yaƙi da wasu Turawa aka yi ta ba, an yi ta ne don murƙushe 'yan ƙasa in sun yi bore. Don haka shirin da Gwamna Ebermaier da kwamandan soja Zimmermann suka bi shi ne a bar bakin teku, a tattara ƙarfi a tudun Ngaundare, inda akwai shanu da hatsi, iska kuma ba ta cutar da Bature kamar ta kurmi. Garwa da Banyo da Mora su zama ƙofofin da ke tare hanyar zuwa can.

Abin lura shi ne ba su taɓa sa ran cin yaƙin a Kamaru ba. Lissafinsu shi ne sojan Jamus zai gama da Faransa a Turai cikin 'yan watanni, sannan a zauna teburin sulhu. Ranar da za a zauna ɗin, suna so a tarar tutarsu tana nan tsaye a wani yanki na Kamaru, don kada wani ya ce ya ci ƙasar da yaƙi. Lokaci kawai suke saye. In ka fahimci wannan, duk abin da suka yi daga baya zai zama da ma'ana, har zaman da aka yi a kan dutsen Mora.

Malam Habu:
Hajiya, Allah ya ƙara sani. To amma Duwala fa? Nan ne tashar jiragen ruwansu, nan layin dogo ya taso, nan ma akwai tashar aika saƙo. Ya mutum zai saki bakin ƙofarsa haka da sauƙi?

Garba Garwa:
Malam, sun ɗan yi ƙoƙari. Sun nutsar da jiragen ruwa a bakin kogin Wuri don su toshe mashiga. Amma Janar Dobell na Ingila ya zo da manyan jiragen yaƙi na Ingila da na Faransa, aka share hanya, garin ya faɗi ranar 27 ga Satumba 1914 kusan ba faɗa. Sojansu dama sun riga sun janye ciki.

Akwai kuma abin da bai kamata a tsallake ba. Ranar 8 ga Agusta, yaƙi bai yi mako ɗaya da farawa ba, Jamusawa suka rataye sarkin Duwala, Rudolf Manga Bell, da sakatarensa Ngoso Din, saboda ya ƙi yarda a ƙwace filayen mutanensa na bakin kogi. A ranar ce kuma aka harbe Martin-Paul Samba, wani jagoran 'yan ƙasa da suka zarga da shirya bore, a Ebolowa. To wa zai tsare gari alhali mutanen garin suna jiran ranar da zai fita? Mutanen Duwala su ne suka riƙa nuna wa Ingilishi hanyoyin ruwa cikin fadamun nan. Ko da igwa ɗari gare su, ba su da garin.

Bappa Yola:
Ina so in juya maganar, domin duk kun zuba ido kan Jamus kamar ita kaɗai ke cikin ƙunci. Ingila ma a wannan yanki da ɗan abin hannu ta shiga. Watanni bakwai ke nan da Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa, rundunar Nijeriya bataliya 5 ce kacal ga ƙasa mai wannan girma, kuma iyakar da za a tsare ta taso tun daga tafkin Chadi har teku. Da gaggawa suka tura runduna uku a ƙarshen Agusta: ɗaya daga Maiduguri ta nufi Mora, ɗaya daga Yola ta nufi Garwa, ɗaya daga Ikom ta shiga Nsanakang. Duka ukun sai da aka kore su. A Garwa sun hau ɗaya daga cikin ganuwoyin da dare, gari na wayewa Jamusawa suka buɗe musu bindiga mai ruwa, aka kashe shugaban rundunar, Kanar Maclear, da wasu hafsoshinsa, saura suka koma Yola a warwatse. A Nsanakang ranar 6 ga Satumba abin ya fi muni.

Daga nan sai tsoro ya koma wannan ɓangaren. Kyaftin von Crailsheim na Garwa ya riƙa fitowa yana kai hari cikin ƙasar Ingila. Ranar 29 ga Afrilu 1915 ya auka wa Gurin, garin da Modibbo Adama ya fara zama kafin Yola. Barikin Ingila da ke wurin ɗan ƙaramin gini ne na ƙasa, masu tsaronsa wajen 40, maharan sun ninka su sau da yawa. Tun da farkon faɗan aka kashe hafsan da ke shugabantarsu, amma suka riƙe wurin sa'o'i har Jamusawan suka haƙura suka juya. Wato duk wanda ya shiga rami ya kafa bindiga mai ruwa a wannan yaƙi, shi ke da rinjaye, ko Bajamushe ne ko Ingilishi.

Tsohon Saje:
Haka yake Bappa. Kuma mutane ba sa tambayar abin da ya sa aka yi wata tara tsakanin harin farko a Garwa da na biyu. Ba barci ake yi ba. Igwa ake jira. Ganuwar Garwa ba ta ciwuwa da bindigar hannu, an haƙa ramuka kewaye, an kakkafa tsinin masu a ciki an rufe. Sai da aka kwance igwa daga jikin jirgin yaƙin Ingila mai suna Challenger, aka hau da ita Kwara, aka shiga Binuwai, ga shi lokacin rani ne ruwa ya janye, inda jirgi ya kasa sai mutane su ja. Faransawa su ma suka jawo tasu igwar.

Ku yi lissafin ɗan dako ku gani. Mutum yana ɗaukar kaya wajen kilo 25 a ka. Shi kansa yana cin kusan kilo ɗaya a yini. In tafiyar kwana 12 ce zuwa, 12 dawowa, to abincin da ya ɗauko shi zai cinye abinsa, bai kai wa soja komai ba. Shi ya sa runduna ba ta iya nisa da kogi ko layin dogo sai ta ci daga garuruwan da take bi. A kurmin kudu kuma ƙudan tsando ba ya barin doki ko jaki, komai sai kan mutum. Nisa da damina sun yi wa Zimmermann aikin da bataliya goma ba za ta yi masa ba.

Nura:
Baba Saje, to da igwar ta iso sai aka yi yaya? Rushe ganuwar aka yi aka shiga?

Garba Garwa:
Ba a kai ga shiga da ƙarfi ba, Nura. Janar Cunliffe na Ingila da Kanar Brisset na Faransa suka yi wa garin ƙawanya, kullum dare suna matso da ramukansu, daga ƙarshen Mayu suka fara ruwan igwa. Igwar nan tana jifa daga inda bindigogin Jamusawa ba sa kaiwa. Sojan da ke ciki yana zaune a rami, ana kashe na kusa da shi, shi kuma ba ya ko ganin mai harbin. Bayan kwanaki sai sojojin baƙar fata suka ƙi bin umarni. Wasu suka ɓalle suka faɗa Binuwai don su tsallake, ruwa ya ci da yawa daga cikinsu. Ranar 10 ga Yuni 1915 von Crailsheim ya ɗaga farar tuta. Kafin watan ya ƙare an shiga Ngaundare, wurin da aka ce nan ne mafaka ta ƙarshe.

Hajiya Bilki:
To ga amsar tambayarka nan, Malam Habu, a ganina. Ganuwar Garwa tana tsaye lokacin da garin ya faɗi. Abin da ya karye shi ne yardar sojan da ke ciki. Daular da ke tsare ƙasa mai nisa ba da 'ya'yanta take tsarewa ba, da 'ya'yan mutanen wurin take yi, kuma waɗannan mutane shekara 12 ko 13 ke nan kacal da aka ci ƙasarsu da yaƙi. Ingila ta ci Yola a 1901, Jamus ta karya rundunar Lamiɗo Zubairu a Marwa a farkon 1902. Yaron da ya ga wannan da idonsa, shi ne aka ba bindiga a 1914 aka ce ya mutu don Kaisa, sarkin Jamus, ko don Sarkin Ingila. Ɓangarorin biyu duk akwai Hausawa da Barebari da Fulani da sauran ƙabilu a cikin kaki.

Ku dubi Chari Maigumeri. Sojan Jamus ne, aka kama shi a wannan yaƙi, daga baya ya shiga rundunar Ingila. Ya kai babban saje-manjo, ya yi yaƙin Habasha da na Bama a yaƙin duniya na biyu, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi yau. Mutum ɗaya, daula biyu, kowacce ta yaba masa.

Ɗan Fagge:
Ni fa Hajiya ban ga abin yabo ba. Mutum ya yi wa wannan Bature aiki, gobe ya koma wa wancan, yana harbin ɗan'uwansa Musulmi a tsallaken kogi saboda sule goma. Sojan haya ke nan. A daina yi musu kwalliya.

Tsohon Saje:
Ɗan Fagge, ka iya bakinka. Kana zaune a inuwa kana yanke wa matattu hukunci. Ka san nawa ne a cikinsu bayi ne da suka gudu daga iyayen gijinsu suka sami mafaka a bariki? Ka san nawa ne hakimi ya tara ya miƙa don a cika adadin da Bature ya yanka masa? Ga yunwar da aka yi a Arewa a 1913 zuwa 1914, wadda ta kori mutane daga gidajensu. Wanda bai taɓa kwana a rami ba, ya sassauta harshe.

Ɗan Fagge:
Allah ya huci zuciyarka Baba, ba da kai nake ba. Amma sarakunan fa? Su ma yunwa ce ta sa suka buɗe baitulmali suka ba Lugga gudummawar yaƙi?

Bappa Yola:
Wannan tambayar ta fi ta farko. Sun bayar, ba musu. Amma ka tuna wa ke naɗawa, wa ke tuɓewa a lokacin. Kuma ka lura da wani abu: a watan Nuwamba 1914 Sarkin Musulmin Turkiyya ya yi shelar jihadi kan Ingila da Faransa, Jamus ta sa rai Musulmin ƙasashen nan za su tashi. Sarakunan Arewa ba su motsa ba. Da sun motsa, da bataliyoyin nan 5 ba su isa ko tsare Kano da Sakkwato ba, balle su je Garwa. Wato zaman lafiyar sarakuna shi ne rabin tsaron Nijeriya, kuma bai ci wa Ingila ko harsashi ɗaya ba. A can ma haka. Sarki Njoya na Bamun shi ne ya aika wa Kaisa da gadon sarautarsa kyauta a 1908, yana Berlin har yanzu. Da Ingilishi suka iso Fumban a ƙarshen 1915, ya tarbe su. Kowane sarki yana duba wanda zai kwana a ƙasar ne.

Ummu Sadiq:
Ni ina karatu ne kawai, amma akwai waɗanda ba a ambata ba. Kakata 'yar wani ƙauye ce a gindin duwatsun Mandara. Abin da ta riƙe daga bakin uwarta game da wannan zamani ba sunan wani kyaftin ba ne. Cewa take in an hango soja, ko na wane ɓangare ne, maza su haye dutse don kada a kama su dako, mata su binne hatsi a tukwane, a kora awaki cikin kwazazzabo. Wanda ya zo da safe ya kwashe rumbu, wanda ya zo da yamma ya ce kun ciyar da maƙiyi, ya sa wuta. In ana cewa an tsare ƙasa da ɗan abin hannu, a tambaya daga rumbun wa cikon ya fito.

Malam Habu:
Allah ya jiƙan su, Ummu Sadiq. Tunda kin kai mu Mandara, wa zai ba mu labarin Mora dalla-dalla? Shi ne ya fi ɗaure mini kai.

Garba Garwa:
Mora gari ne a ƙasa, amma barikin Jamus da ke wurin ba ya tsaruwa. Da Kyaftin Ernst von Raben ya ji an fara yaƙi, sai ya kwashe mutanensa, wajen 200 har da sababbin ɗauka, ya haye dutsen da ke bayan garin. Duk wanda ya san wurin ya san irin dutsen: manyan duwarwatsu ne a jibge kan juna, mutum sai ya yi rarrafe da hannu da ƙafa, mai bindiga ɗaya a sama ya isa ya tare hanya. Ya sa aka hau da hatsi da dabbobi, aka gina katangun dutse a kowace mashiga. Da Faransawa daga Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, suka ci Kuseri a watan Satumba, waɗanda suka tsira daga can suka zo suka ƙaru da shi.

Kyaftin Fox na Ingila ya gwada hawa a ƙarshen Agustan 1914, aka koro shi. Faransawa suka zo aka haɗu aka gwada, bai yiwu ba. Cunliffe da kansa, bayan ya gama da Garwa, ya zo da igwa a Satumban 1915, ya yi ta kai hari, ya haƙura ya bar masu gadi ya wuce kudu. A sama kuwa abinci ya yi ta ƙarewa. Suka cinye shanu, suka koma kan dawaki da jakuna da raƙuma. Ruwa ya zama abin da ake zuwa ɗiba a bakin rai, domin masu ƙawanya sun san inda yake. Shi kansa von Raben harsashi ya same shi a ka, ya yi jinya a kan dutsen ba isasshen magani.

Sai ranar 18 ga Fabrairu 1916 ya sauko, bayan an aika masa cewa duk sauran Kamaru ta faɗi, shi kaɗai ya rage. Ya kafa sharaɗi: hafsoshi su riƙe takubbansu, a bar sojansa baƙar fata su koma gida lafiya, kuma Ingila ta ba shi fam 2,000 ya biya su albashin da suke binsa. Aka ba shi.

Nura:
Tabɗi! Maƙiyinka ya ba ka kuɗi ka biya sojan da suka yi shekara da rabi suna harbinsa? To Baba Saje, wannan ba jarumta ba ce?

Tsohon Saje:
Wannan kam na sara masa, musamman maganar albashin. Ya san abin da ya riƙe mutanen nan a kan dutse, bai kuma sauka ya bar su da bashi ba. Ita Ingila fam 2,000 ya fi mata arha da sake hawa dutsen.

Hajiya Bilki:
Ni kuma a nan zan rabu da ku. A yaba wa mutumin, amma a tambaya me zaman ya haifar. Mora ƙofa ce aka ce, to tun watan Yunin 1915 gidan da ƙofar ke tsarewa ya faɗi. Cunliffe ya zagaye ta ya wuce abinsa. Wata takwas na ƙarshe mutane sun mutu a kan dutsen nan, garuruwan gindinsa sun ci wuya, ba don komai ba sai don tuta. Masu cewa ai ya ɗaure sojan maƙiyi ya hana su zuwa Turai, wane soja? Ingila ba ta kai sojan Nijeriya fagen Turai ba. Da aka gama Kamaru, Gabashin Afirka aka kai su a ƙarshen 1916 su bi von Lettow-Vorbeck, kwamandan Jamus na can, inda suka sha mummunar asara a Mahiwa a 1917.

Bappa Yola:
Hajiya, a nan kin ɗan yi tsauri. Faransa ai ta kai sojan Afirka Turai dubbai. Duk wanda ta tsare a Kamaru, ɗaya ne ya ragu a can. Ga jiragen ruwan da aka ɗaure suna gadin gaɓa, ga hafsoshi Turawa. Largeau, kwamandan Faransa da ya ci Kuseri, ai daga baya aka mai da shi Faransa, ya mutu a yaƙin Verdun a 1916. Sannan von Raben yana kan dutse ba waya ba jarida, ta ina zai san an sha kashi ko an yi nasara a Turai?

Hajiya Bilki:
Na karɓi ta Faransa, Bappa. Amma rashin labarin nan shi ne ainihin cutar. An ba mutum umarni ya saye lokaci, ba a gaya masa ranar da cinikin ya daina riba ba.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum manya. Ku ba ni dama in kawo namu na Nijar, don abin da ya sami Jamus ya kusa samun Faransa. Da yaƙi ya yi zafi a Turai, Faransa ta rage sojanta a Sahara. A watan Disamba 1916 Kawsan, jagoran boren Abzinawa, ya iso Agadas da mayaƙan Abzinawa, da bindigogi da igwa da ya samo ta hannun 'yan ɗariƙar Sanusiyya daga abin da aka ƙwace wa Italiya a Libiya, Sarkin Abzin Tagama kuma ya mara masa baya. Sojan Faransa kaɗan ne, suka kulle kansu a bariki. Sai ranar 3 ga Maris 1917 ɗauki ya iso daga Damagaram. Kuma don wannan ɗauki ya samu tafiya, sai da Ingilishi suka turo soja daga Nijeriya suka riƙe musu wasu garuruwan kudu.

Bambancin Agadas da Mora ɗaya ne: na Agadas akwai mai zuwa, na Mora babu. Abin da Faransawa suka yi bayan sun shiga garin kuwa, har yau ba a manta ba. Malaman da suka taru suna neman aminci aka karkashe. Tagama ya mutu a kurkukun Damagaram a 1920. Wanda ya tsare wuri da mutane kaɗan ya ji tsoro, in ya samu sarari a kan talakawa yake hucewa.

Malam Habu:
Madalla da wannan, Ɗan Damagaram. Saura abu ɗaya. In Ngaundare ta faɗi tun Yunin 1915, da me Zimmermann ya ƙara wata bakwai?

Tsohon Saje:
Da maƙwabci. A kudu akwai ɗan yankin Sifaniya, Rio Muni, ita kuma Sifaniya ba ta shiga yaƙin ba. Ta nan saƙo ke fita, ta nan ɗan abin da ya samu ke shigowa, shi ya sa ya mai da cibiyarsa Yawunde, ya ƙara ɗaukar soja har suka kai wajen 6,000. Amma yawan soja ba yawan harsashi ba ne. Da yawansu tsohuwar bindiga samfurin 1871 suke riƙe da ita, mai hayaƙi, kana harbi kana nuna inda kake. Suka koma tsince kwanson harsashi suna sake cikawa da albarushin da suka haɗa da kansu, wani ya tashi wani ya ƙi. A Banyo, a watan Nuwamba, har duwatsu suka riƙa gangaro wa masu hawa, da nakiya. Kwana uku aka yi, aka kashe kwamandansu Schipper, dutsen ya faɗi.

Da ya ga ana matsowa ta kowace fuska, bai tsaya a kama shi ba. Ingilishi suka shiga Yawunde ranar 1 ga Janairu 1916 suka tarar ba kowa. Ya ratsa kurmi da Jamusawa kusan 1,000, da sojansa, da dubban mata da yara da 'yan dako, suka tsallaka ƙasar Sifaniya a watan Fabrairu. Aka karɓe makamansu. Turawan aka wuce da su Sifaniya, baƙaƙen aka ajiye su a tsibirin Fernando Po. Har a lokacin suna ganin in Jamus ta ci yaƙi za su dawo da rundunarsu a shirye.

Nura:
To da aka zauna teburin sulhun, riƙewar ta yi musu amfani?

Hajiya Bilki:
Ko kaɗan. Tun a watan Maris 1916 Ingila da Faransa suka raba ƙasar tsakaninsu, Faransa ta ɗauki kusan kashi huɗu cikin biyar. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta raba Jamus da duk ƙasashen da take mulka, da Togo da ta yi mako uku, da Kamaru da ta yi wata 18, da Gabashin Afirka inda von Lettow-Vorbeck bai ajiye makami ba sai 25 ga Nuwamba 1918, bayan an tsagaita wuta a Turai. Duk hukunci ɗaya aka yi musu.

Ummu Sadiq:
Bappa, to su Mubi da Gwoza a wane ɓangare suke a lokacin? Ina jin ana cewa da can ba Nijeriya ba ne.

Bappa Yola:
Ƙasar Jamus ce, 'yata. Mubi, Gwoza, Dikwa, Madagali, Ganye, har tudun Mambila, duk suna cikin siririn yankin da ya faɗo hannun Ingila bayan yaƙin. An riƙa mulkinsu tare da Nijeriya a matsayin ƙasar amana, sai a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 suka zaɓi zama a Nijeriya, aka kira yankin Lardin Sardauna, su kuma na kudu wajen Bamenda da Buea suka zaɓi Kamaru. Mora da Garwa da Banyo, inda sojan Nijeriya suka zubar da jini, duk a rabon Faransa suka faɗa.